Bar filtar nan a inda take

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka zare filtar iska ta injin jiya, alhali ka leƙa ka ga ta yi futu-futu da ƙura. To matso ka ji, yaro.

Ba da ido ake gane filtar da ta gaji ba. Ƙurar farko da ke kwanciya a jikin takardar filtar taimaka mata take yi, tana toshe manyan ƙofofi, tacewar ta ƙara kyau. Abin dubawa shi ne ɗan ma'aunin nan da ke maƙale a bututun iska. In iska ta fara wahalar wucewa zai nuna ja, galibi wajen inci 25 na ruwa, wato awon ƙarfin da inji ke yi wajen zuƙo iska. Kafin nan, ƙyale ta. Duk buɗewar da ka yi wa gidan filta, sai ƙura ta zuba ɓangaren da ke da tsabta, ta bi ta turbo mai cusa wa inji iska, ta isa ringi da silinda tana cin su kamar sanfefa. Inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi a ce tsufa ne, nan kuwa yawan taɓawa ne ya kashe shi.

Ranar da ja ya fito, zare ta a hankali. Kada in ga ka buga ta a jikin taya, takardar tsagewa take yi a lungun da ba ka gani. In dole sai an hura, daga ciki zuwa waje, ƙarfin iskar kada ya wuce psi 30 a ma'aunin kwamfaresa. Sannan ka zura fitila a cikinta. Haske ya ɓullo ko da kamar ƙofar allura, jefar da ita. 'Yar ƙaramar filtar da ke cikin babbar kuwa ba a hura ta, sabuwa ake sawa, yawanci bayan an yi wa ta waje hidima sau 3. Goge gidan da tsumma mai ɗanshi, ka matsa robar bakin agwagwar nan ta ƙasa ta zubar da ƙurar da ta tara.

Filtar baƙin mai ita ba ta da wannan haƙurin. In ta toshe, akwai bawul da ke buɗewa mai ya kewaye ta da dattinsa ya tafi metal, wato beyarin da kiranshaf ke juyawa a kai, inji na aiki lafiya lau ba ka sani ba. Shi ya sa awa muke bi, 250 ko 500, yadda littafin injin ya ce. In za ka canza ta, duba tsohuwar robar bakinta ba ta manne a kujerar da filtar ke zama ba, shafa wa robar sabuwar filtar mai, ɗaura da hannu. Roba na taɓa kujera, ƙara iya juyin da aka rubuta a jikin filtar, ba da sifana ba.

Tsohuwar filtar man kuma kada ka yar. Ɗauko ta mu yanka, amma ba da zarto ba, garinsa zai ruɗe mu. Kawo maganaɗisu mu bi ɓarɓashin da ke jikin takardar: abin da ya kama ƙarfe ne, wanda ya ƙi kamawa yana walƙiya, wannan mu fara zargin metal.