Amsa: Me ya sa Buffalo ta cika da manyan rumbunan hatsi?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa birnin Buffalo na Amurka ke da waɗannan dogayen rumbunan siminti a bakin ruwa. Asalin abin mashigin ruwa ne na Erie da aka buɗe a 1825. Jiragen da ke ɗauko alkama daga yammacin ƙasar ta manyan tafkuna sun fi ƙarfin wannan mashigi, dole sai an sauke kayan a Buffalo a zuba a ƙananan kwale-kwale masu zuwa New York. Da farko 'yan dako ne ke yin aikin, galibinsu 'yan Ayalan, kwando a kafaɗa, jirgi ɗaya ya ci kwanaki.

A 1842 wani ɗan kasuwa, Joseph Dart, tare da injiniya Robert Dunbar, suka soma gina rumbu mai injin tururi. Dabarar ba wuya: doguwar ƙafa ce da ake zurawa cikin jirgi, a jikinta bel mai ɗauke da bokitai, suna kamfatar hatsi suna hawa da shi sama suna juyewa, kamar guga a rijiya sai dai ba ya tsayawa. Rumbunan farko na katako ne, gobara ta cinye su da yawa, shi ya sa aka koma ƙarfe da siminti.

Abin da ya karya kasuwar shi ne hanyar ruwa ta St. Lawrence da aka buɗe a 1959, jirage suka riƙa wucewa teku kai tsaye. Wasu rumbunan yanzu kufai ne, amma kamfanin sarrafa hatsi na General Mills na nan yana aiki, har ƙanshin Cheerios, abincin karin kumallo da yake yi da hatsi, kan cika unguwar.