Tambaya da Amsa: Shin Ambaton Sunan Marubuci Ya Wadatar?

Tambaya: Ina shirya ɗan littafi domin ɗalibai, wanda nake da niyyar bugawa in sayar, kuma ina so in saka babi guda sukutum daga littafin wani marubuci. An ce mini muddin na ambaci sunansa, doka ba ta da abin cewa. Shin haka ne?

Amsa: Malam, wanda ya faɗa maka haka bai yi maka gata ba. Ambaton suna yana wanke ka daga zargin mayar da aikin wani naka, amma ba ya maye gurbin izini. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886 kuma mafi yawan ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙin mallaka yana tabbata ga marubuci ko da bai yi rajista ba, kuma yana ci gaba har aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. A Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai wa'adin shekara 70 ne.

Gaskiya ne doka ta bar ƙofa domin sharhi, suka, bincike da koyarwa, kuma ƙofa ce mai muhimmanci, don ba don ita ba da ilimi ya tsaya cik. Sai dai tana da iyaka. Dokar Amurka ta 1976, a sashe na 107, ta sa alƙali ya duba manufar ɗauka, da irin aikin da aka ɗauka daga cikinsa, da yawan abin da aka ɗauka, da kuma illar da hakan zai yi wa kasuwar littafin asali. Ingila da ƙasashen da suka bi tsarinta sun fi tsanantawa, domin sun jera dalilan da aka yarda da su. A ganina, batun kasuwa ne zai fi kayar da kai, domin ɗalibin da ya sami babin nan cikakke a littafinka ba zai ƙara neman na mai shi ba, alhali kuɗin aljihunka suke shiga. Fassara babin ma ba za ta fitar da kai ba, tunda haƙƙin fassara na marubucin ne.

Doka ba ta kare ra'ayi ko bayanan gaskiya, yadda aka tsara su a rubuce kawai take karewa. Saboda haka ka bayyana ilimin da kalmominka, ka kawo 'yan layuka inda hujja ta buƙata tare da sunan marubuci da littafinsa. Idan kuwa dole sai babin gaba ɗaya, ka rubuta wa marubucin ko kamfanin da ya buga littafin, ka karɓi izini a rubuce kafin ka kai aikin maɗaba'a.