Yadda hannu biyar suka haɗa kiɗan faifan Illmatic

Yarona, ka tambaye ni yadda aka yi mutum biyar suka haɗa kiɗan faifan Illmatic na Nas, mawaƙin gambarar zamani na Amurka, amma ya fito tamkar aikin hannu guda, alhali idan furodusa biyu suka yi wa mawaƙi ɗaya aiki a wurinmu, sau da yawa kowace waƙa kama gabanta take yi. Zan amsa maka ta fuskar sana'a, domin yabon faifan ka riga ka sha jin sa a bakin masu sauraron gambarar zamani.

Faifan ya fito ranar 19 ga Afrilu, 1994, a ƙarƙashin kamfanin Columbia, lokacin Nas yana ɗan shekara 20, kuma kusan duk abin da ya faɗa a cikinsa labarin Queensbridge ne, rukunin gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi a birnin New York inda ya tashi. DJ Premier ya haɗa waƙa uku, Large Professor ma uku, sai Pete Rock da Q-Tip da L.E.S. kowannensu ɗaya, aka ƙara da buɗewa ya zama goma.

Abin da ya fara haɗa kansu shi ne rijiya ɗaya suke ɗiba. Dukkansu masu tonon tsofaffin faya-fayen garmaho ne, suna tsakuro ɗan guntun sauti, galibi daga kiɗan jazz da soul, su maimaita shi a kan ganguna masu nauyi. Piyanon da ke cikin "The World Is Yours" na Ahmad Jamal ne, wanda Pete Rock ya yanko daga wani faifansa na 1970. Wanda ke cikin "N.Y. State of Mind" kuwa Premier ya samo shi daga Joe Chambers, shi kuma Q-Tip ya gina "One Love" a kan sautin mbira, ɗan abin kiɗan nan na Afirka da ake kaɗawa da babban yatsa, daga wani faifan Heath Brothers. Tun da kunnuwansu a wuri ɗaya suka yi kiwo, ba a buƙaci wani ya tsaya musu a ka yana daidaita su ba.

Sai kuma na'urar kanta, kuma a nan nake so ka ƙara natsuwa. Na'urar SP-1200, mai ɗaukar tsakuren sauti tana maimaita shi, wadda Pete Rock da Large Professor suka shahara da ita, sautin kimanin daƙiƙa goma kacal take iya riƙewa, shi ma a rarrabe gida huɗu. Dabarar masu aikin ita ce su juya faifan da sauri fiye da ƙa'ida yayin ɗauka, domin sauti mai tsawo ya shige cikin ɗan lokaci, sannan su sassauta shi a cikin na'urar, abin da yake sa kiɗan ya fito da kaushi da ɗan duhu. Wannan ƙarancin wuri ya hana su cika kiɗa da tarkace, saboda haka sai ka ji ganga da bas da tsakure ɗaya ko biyu, tsakiya kuma a buɗe take domin muryar mawaƙi. Kwamfutarka ta yau ba ta da irin wannan iyaka, kuma a ganina shi ya sa kake jibga sauti ashirin inda huɗu sun wadatar, har muryar ta rasa wurin zama.

Muryar ce kuwa ta ɗinke faifan. Baƙon mawaƙi ɗaya ne ya yi baiti a cikinsa, wato AZ a waƙa ta uku, wadda mahaifin Nas, Olu Dara, ya busa ƙaho a ƙarshenta. Premier ya sha ba da labarin cewa baitin farko na "N.Y. State of Mind" a ɗauka ɗaya aka yi shi, kuma maganar da ake jin Nas yana yi kafin ya shiga, cewa bai san ta inda zai fara ba, da gaske yake yin ta, aka bar ta a ciki ba a goge ba. Injiniyan da ya san aikinsa yakan gane lokacin da ɗauka ta yi rai, ba ya mayar da mawaƙi gaban makirfo don kawai ya share ɗan numfashi ko gyaran murya.

Akwai kuma kishin sana'a, domin kowannensu yana jin abin da ɗan'uwansa ya kawo, kuma babu mai son a ce tasa ce ta fi rauni. Premier ya canza kiɗan "Represent" kafin a rufe aikin, abin da ke nuna cewa bai ɗauki kiɗansa na farko a matsayin wanda ba ya taɓuwa ba.

Gajartar faifan, wanda bai cika minti 40 ba, ita ma ta taimaka, ko da yake ba duka zaɓi ba ne, domin masu satar fasaha sun fara yaɗa waƙoƙin a kaset tun kafin fitowarsa, sai kamfanin ya hanzarta. Mujallar The Source ta ba shi makirfo biyar, makinta mafi girma, amma kasuwa ta yi nawa, don sai a 2001 aka tabbatar ya sayar da kwafi miliyan ɗaya a Amurka. Idan za ka gwada wannan salo, ka sani cewa tun shari'ar da aka yi wa mawaƙi Biz Markie a 1991 kan tsakuro sautin wani ba da izini ba, kamfanonin Amurka suka tsaurara neman izinin mai sauti kafin su fitar da tsakure, don haka ka fara da sautin da ka kaɗa da hannunka ko wanda ka samu izininsa a rubuce.