Ruwa Ya Janye, Oga, Mu Fara Filasta?

Ka ce gidan nan na Dadin Kowa ruwa ya kwana biyu a cikinsa, ya kai gwiwa, yau kwana biyar da janyewarsa, mai gidan kuma ya matsa a yi filasta da fenti kafin iyalinsa su dawo. Kana tambaya ko a sayo siminti. Kada ka saya tukuna, ɗana. Bangon nan cike yake da ruwa, ko da fuskarsa ta yi fari.

Kafin komai a yanke wuta daga mita, don ruwa yana maƙalewa cikin soket da bututun waya. Sannan ka zagaya ginin ta waje. Ɗaura dutse a zare, ka sake shi daga saman bango, ka ga ko ya karkata. Duba gindi, ko ruwa ya kwashe ƙasar da ke riƙe da tushe. Tsagar da ta tsaya a filasta kamar zare ba abin tsoro ba ce. Wadda ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, wannan tushe ne ya zauna. A yankin Yamaltu-Deba, inda Dadin Kowa take, akwai baƙar laka mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, shi ya sa tsagar watan Satumba kan ƙara buɗewa a Disamba. Ka liƙa ɗan kwaɓin siminti a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. In bayan sati biyu liƙin ya fashe, ginin bai daina motsi ba, sai a kira injiniya, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin.

In ginin ya tsaya, a kwashe taɓo tun da danshinsa, a wanke bango da ƙasa da sabulu. Ruwan ambaliya ya biyo ta shadda da kwata, saboda haka a bi da bilic, kofi ɗaya a ruwa lita 20, da safar hannu, tagogi a buɗe.

Yanzu ɗauki guduma ka riƙa ƙwanƙwasa filastar. Inda ta yi ƙara kamar ganga ta rabu da bulo, sai a fasa ta. Kada ka tsaya a layin da ruwa ya bari. Bulo yana jan ruwa sama yadda lagwani ke jan kananzir, don haka ka ƙara aƙalla ƙafa ɗaya a kai. Fentin mai da tayil na bango su ne suka fi tsare danshi, a kankare fentin. A buɗe ƙofofi da tagogi, a janye kaya daga jikin bango, a kunna fanka in mai gyaran wuta ya duba wayoyin. Kada ka yarda a hura gawayi a rufe ɗaki wai don ya bushe da wuri. Hayaƙinsa yana kashe mutum ba tare da ya ji wari ba, ga shi fuskar bango kawai yake busarwa.

Bulo inci 9 makonni yake ɗauka, ba kwanaki ba, sau da yawa sai hunturu ya busa sannan yake sakin ruwansa. Ga gwaji: manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a bango, ka liƙe gefunanta huɗu da salatif, ta kwana. In da safe ka ga raɓa a ciki ko wurin ya yi duhu, da saura. Farin garin nan mai kama da kanwa da ke fitowa, goge shi da busasshen buroshi. In ka wanke da ruwa, gishirin zai koma ciki. In kuwa ka rufe shi da filasta, shi zai tunkuɗo ta, fenti ya yi bororo kafin damina ta zagayo, kuma sunanka za a kira.

Idan ya bushe, kwaɓa buhun siminti ɗaya da kwanon gini 10 na yashi mai tsabta, ba wanda ambaliya ta tara a lungu ba, wannan laka ce rabinsa. Yayyafa wa bulo ruwa kaɗan, kaurin filasta kada ya wuce rabin inci, a ba ta ruwa safe da yamma kwana 7. Fenti sai bayan wata guda, kuma na ruwa, don bango ya ci gaba da numfashi.

Katangar baya ka ce ta ƙasa ce. Ita gindinta ke narkewa alhali samanta na nan da nauyinsa. Tokare ta da itace ta ɓangarori biyu kafin ka taɓa. Kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar taku ɗaya, ka cike da busasshen tubali da jar ƙasa mai ramno wadda ta kwana a kwaɓe, ka tsallake taku biyu ka yi na gaba. Kada ka kwashe gindin a jere, za ta faɗo maka. Kada kuma ka yaɓa mata siminti, ba ya kama ƙasa, ruwa kawai zai ɓoye a bayansa. In narkewar ta ci kusan rabin kaurinta, a rushe a sake. Ka faɗa wa mai gidan haka tun yau, sannan ka cike gindin ginin da ƙasa mai gangare, ka gyara indararo ya riƙa zuba nesa da bango.