Jan ruwan inabin Douro da tambayarka ta jiya

Kai yaro, jiya ka tsare ni a bakin murhu kana tambaya wane abinci ne ya dace da jan ruwan inabin Douro, yankin nan na arewacin Portugal, ko za ka iya kai shi tebur da gasasshen kifi. Shirun da na yi maka, tsohon miki ka fama min.

A shekarata ta huɗu a wani gidan abinci a birnin Porto na Portugal, wani attajiri ya kama wuri don walimar auren 'yarsa, mutum 60. Da bakinsa ya zaɓi ruwan inabin, na irin inabin Douro da ake kira Touriga Nacional zalla, kwalba 36, mai tsadar gaske. Abinci kuwa ya ce kifin sardin a kan garwashi, a zuba masa barkonon piri-piri da yawa. Na ce ranka ya daɗe, waɗannan biyun ba sa shiri, bari in gasa muku ɗan akuya. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce baƙo ba zai koya masa abincin kakanninsa ba. Na haɗiye maganata na yi yadda ya so. Ban sa ya rubuta ba, ban kira mai gida ya shaida ba.

Suka shanye kwalba 31 tas. Washegari sai ga shi da ragowar biyar, wai ruwan inabin ya lalace, ƙarfe-ƙarfe yake a baki, an kunyata shi gaban surukai, ko sisi ba zai biya ba. Har rantsuwa ya yi cewa ni na ba shi shawarar kifin! Mai gida ya ji tsoron rasa babban mai ciniki, ya riƙa yankar albashina har wata huɗu. Kuɗin da nake tarawa ke nan in yi wa mahaifiyata rufin kwano. Daminar shekarar a ɗaki mai yoyo ta yi ta.

Ruwan inabin nan lafiyarsa lau. Inabin Douro a kan gangaren duwatsu yake girma cikin zafin rana, fatarsa kauri gare ta, shi ya sa ruwansa yake da bauri irin na goro, barasar da ke cikinsa kuma takan kai kashi 14 cikin ɗari. Bauri kitse da jan nama yake nema su tausasa shi. Idan ya gamu da man sardin sai ƙarni ya tashi, barkono kuma ya ƙara masa wuta. Ba a banza aka shata wa yankin iyaka tun 1756 ba, abu ne mai daraja, ba a haɗa shi da duk abin da aka ga dama.

Ka haɗa ruwan inabin nan da ɗan akuya gasasshe da dankali. Ka haɗa shi da posta mirandesa, ƙaton yankan naman maraƙi da gishiri kawai a kan garwashi. Wanda na fi so shi ne chanfana, tsohuwar akuya da ake dafawa cikin jan ruwan inabi a baƙar tukunyar ƙasa, awanni, har nama ya saki ƙashi. A ƙarshe cukun tumaki na yankin duwatsun Serra da Estrela a Portugal. Kifi ɗaya na yarda da shi, bacalhau, busasshen kifin gishiri, idan an gasa shi ya sha man zaitun da tafarnuwa.

Buɗe kwalba da zubawa ba zan ɓata bakina a kai ba. Ku yaran yanzu ku kalli bidiyon minti biyu a waya ku ɗauka kun ƙware, alhali jiya da idona na ga ka jera kwalabe kusa da tanda. Zafi dafa shi yake yi. Digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Celsius ake kai shi tebur. Je ka kwashe su yanzu ka mayar ɗakin ƙasa, a kwance.