Daga ina "hat-trick" ta fito?

Tambaya: Malam, ina koyar da Turanci a sakandare. Na gaya wa ɗalibaina cewa "hat-trick", wadda masu sharhin ƙwallo ke faɗa idan ɗan wasa ya zura uku, daga wasan kurket aka samo ta, wanda ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya kuma na bugunta da sanda. Sai ga saƙo yana yawo a WhatsApp cewa daga 'yan dabo ne masu zaro zomo daga hula. Hankalina ya ƙi kwanciya, kada ya zama ƙarya na koya wa yara.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, gaskiya ka faɗa musu. A shekarar 1858, a filin Hyde Park da ke Sheffield a Ingila, wani ɗan wasan kurket mai suna H. H. Stephenson ya fitar da masu bugu uku daga wasa da jifa uku a jere. Aka yi karo-karo, aka saya masa hula, wato "hat" da Turanci, tukuici. Daga baya ne 'yan ƙwallon ƙafa suka ara. Ka ƙara musu da "duck", wato agwagwa: idan mai bugu ya fita bai ci ko ɗaya ba, sifilin da ake rubuta masa kamar ƙwan agwagwa yake. Shi Don Bradman, shahararren mai bugu na Ostareliya, sifilin ya kwasa a bugunsa na ƙarshe a manyan wasannin ƙasa da ƙasa (Test) a 1948.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ƙirƙiro irin wannan saƙo. Mutum bai taɓa buɗe ƙamus ba, da ya ji kalmomi biyu sun yi kama a kunne sai ya yanke hukunci, jama'a su yi ta turawa. Kullum sai na yi fama da masu cewa "boko" daga "book" ta Turanci ta fito, har da masu digiri, har da jaridun ƙasashen waje. Ba haka ba ne! Ku duba yadda Bahaushe ke aro: "cook" ta zama kuku. Da ya ari "book", buku za mu ji. Kuma me zai kai shi aron, alhali yana da littafi da ya samo daga Larabci tun kafin zuwan Bature? Boko tamu ce, tana nufin jabu ko yaudara. Shi ya sa ake cewa amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a fito da ita a madadin ta gaskiya. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo wannan ma'ana, Farfesa Paul Newman kuma ya warware batun a 2013.

Wannan kuskure yana da illa. Kakanninmu sun kira karatun Nasara boko ne don a ganinsu ba shi ne ilimi na haƙiƙa ba idan aka ajiye shi kusa da na allo. Duk yaron da aka ce masa daga "book" take, an ɓoye masa dalilin da ya sa iyaye suka daɗe suna ƙin kai 'ya'yansu makaranta.

Don Allah, duk mai turo maka asalin kalma, ka tambaye shi a wace shekara aka fara ganinta a rubuce, kuma a ina.