Jirage marasa matuƙa sun faɗa Poland: shin NATO ta shiga yaƙi ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana shekara ta uku a karatun likita a birnin Lublin na ƙasar Poland. Tun da aka ce jirage marasa matuƙa na Rasha sun shiga ƙasar, barci ya ƙaurace wa mahaifiyarsa. Ana ta turo mana saƙonnin murya a WhatsApp cewa dokar NATO ta ce da zarar an taɓa ƙasa ɗaya, nan take Amurka da Turai gaba ɗaya sun shiga yaƙi, kuma za a kama duk namijin da ke ƙasar a sa shi soja. Har wani ya ce in ba shi kuɗi ya fitar da yaron kafin a rufe kan iyaka. Shin in dawo da shi gida ya bar karatun? Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ba wannan mutumin ko kwabo, kuma kada ka katse karatun yaron saboda saƙon murya. Damuwarku tana da tushe, domin lardin Lublin yana iyaka da Yukren da Belarus, kuma a daren 9 zuwa 10 ga Satumba 2025 jirage marasa matuƙa kusan ashirin sun keta sararin samaniyar Poland, jiragen yaƙin Poland da na Holan suka harbo wasu daga cikinsu. Abin da ba shi da tushe shi ne fassarar da ake yi wa sashe na 5 na yarjejeniyar NATO (ƙungiyar ƙawancen tsaro ta ƙasashen Turai da Arewacin Amurka, wadda Poland take cikinta), wadda kusan kullum sai na ci karo da ita a bakin masu sharhin da ba su taɓa buɗe takardar ba, alhali sassanta 14 ne kacal.

Gaskiya ne sashen ya ce harin makami a kan ƙasa ɗaya daga cikin mambobi, a Turai ko Arewacin Amurka, za a ɗauke shi hari a kan kowa. A nan masu saƙon murya suke tsayawa. Amma jimlar ta ci gaba, inda ta ce kowace ƙasa za ta taimaka wa wadda aka kai wa hari da matakin da ita kanta ta ga ya wajaba, wanda zai iya haɗawa da amfani da ƙarfin soja. An tsara kalmomin haka da gangan. Lokacin da ake shirya yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Washington ranar 4 ga Afrilu 1949, Turawa sun so alkawari mai ɗaure wuya, su kuma 'yan Majalisar Dattawan Amurka suka ƙi amincewa da duk wani rubutu da zai ƙwace wa majalisarsu ikon ayyana yaƙi. Shi ya sa sashe na 11 ya ƙara da cewa kowace ƙasa za ta aiwatar da yarjejeniyar bisa tsarin mulkinta. A Jamus, alal misali, tura soja fagen daga a waje yana bukatar amincewar majalisar dokoki. Sannan majalisar ƙoli ta ƙungiyar, mai zama a Brussels, tana yanke hukunci ne da yardar kowa, kuma mambobin yanzu 32 ne bayan shigar Finland a 2023 da Sweden a 2024.

A duk tsawon tarihin ƙungiyar sau ɗaya tak aka yi aiki da wannan sashe, kuma Amurka aka yi wa, bayan harin 11 ga Satumba 2001. Ko a wancan lokaci, da dubban gawawwaki a New York da Washington, mambobi sun amince a ranar 12 ga wata ne bisa sharaɗin a tabbatar harin daga waje aka kitsa shi, kuma sai ranar 2 ga Oktoba aka tabbatar. Matakan farko da ƙungiyar ta ɗauka su ne tura jiragen sa ido su yi sintiri a samaniyar Amurka da kuma sintirin jiragen ruwa a tekun Bahar Rum.

Ga abin da ya fi kusa da ɗanka. Ranar 15 ga Nuwamba 2022 makami mai linzami ya faɗa ƙauyen Przewodów, a cikin lardin Lublin ɗin nan, ya kashe mutum biyu. A wannan daren na ga yadda kafafen sada zumunta suka gama ayyana yaƙin duniya na uku tun kafin asuba. Washegari hukumomin Poland da na NATO suka ce alamu sun nuna makamin kariyar Yukren ne da aka harba domin tare harin Rasha, kuma ba wanda ya taɓo sashe na 5. A 2012 Siriya ta harbo jirgin yaƙin Turkiyya, wadda mamba ce, abin da ya biyo baya shi ne zaman shawara, daga baya Amurka da Jamus da Holan suka kai mata na'urorin kakkaɓo makamai na Patriot. A Nuwamban 2015 Turkiyya da kanta ta harbo jirgin yaƙin Rasha, aka yi taron gaggawa, aka yi musayar zafafan kalamai, ba a yi yaƙi ba. A kan jiragen Satumban 2025 ma, Poland ta nemi zama ne a ƙarƙashin sashe na 4, wanda yake ba duk ƙasar da ta ga tsaronta yana cikin barazana damar kiran sauran domin shawara. Sakamakonsa shi ne ƙarin jirage da sojoji a gabashin ƙungiyar.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne yadda ake cakuɗa komai a tukunya ɗaya. Sai mutum ya ce ai ga Libiya, ga Iraƙi, duk inda Amurka ta sa ƙafa Turai tana biye. Yaƙin Libiya na 2011 ba shi da alaƙa da sashe na 5. An jingina shi ne da ƙuduri mai lamba 1973 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Najeriya da Gabon da Afirka ta Kudu suka kaɗa wa ƙuri'ar amincewa, Jamus kuwa, duk da kasancewarta mamba a NATO, ta ƙaurace wa ƙuri'ar, ta kuma ƙi shiga ruwan bama-baman. Mutum yana iya ganin cewa an wuce gona da iri a Libiya, kuma ni ma ina da wannan ra'ayi ganin abin da ya malalo yankin Sahel bayan nan, amma wannan wata magana ce dabam. A Iraƙi a 2003 Faransa da Jamus sun fito fili sun ƙi. A 1982 da Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland na Birtaniya, yarjejeniyar ba ta yi aiki ba sam, domin sashe na 6 ya iyakance wuraren da alkawarin ya shafa, kuma kudancin tekun Atlantika ba ya ciki.

Kada kuma a ɗauka alkawarin fanko ne. Akwai dubban sojojin Amurka a Poland, da hedikwatar runduna a Poznań, da sansanin kariya daga makamai masu linzami a Redzikowo, kuma an ajiye su ne domin duk mai tunanin kai hari ya san da wa zai haɗu. A taron Hague na Yunin 2025 mambobi sun amince da burin kashe kashi 5 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan tsaro da abubuwan da suka jiɓance shi zuwa 2035, saboda matsin lambar Shugaba Trump da kuma tsoron Rasha. Idan harin ganganci ne mai girma, za a mayar da martani, amma za a ga alamunsa a sanarwar gwamnatoci da gargaɗin ofisoshin jakadanci.

Batun kama maza a sa su soja kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Tsarin mulkin Poland ya ɗora nauyin kare ƙasa a kan ɗan ƙasa, kuma ƙasar ta daina ɗaukar matasa aikin soja na dole tun wajajen 2009. Ɗalibi baƙo mai takardar zama ba ya cikin wannan lissafi. Shi kuma mai neman kuɗin fitar da yaro, ka tambaye shi wace iyaka ce zai tsallakar da shi, tun da mai katin zama na Poland yana iya shiga jirgin ƙasa zuwa Berlin ta Jamus da fasfonsa a aljihu, saboda ƙasashen biyu suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake zirga-zirga a tsakaninsu ba tare da neman wata biza ba. Irin waɗannan dillalan su ne suke jefa yara cikin halin rasa takardar zama da gurbin karatu a lokaci ɗaya. Ka tuna cewa a Fabrairun 2022 ɗalibanmu da suka gudo daga Yukren, wadda ba mamba ba ce, Poland da Romaniya da Hungary suka nufa.

Ka ce wa yaron ya tabbatar fasfonsa da katin zamansa ba su kusa ƙarewa ba, ya sanar da ofishin jakadancin Najeriya da ke Warsaw inda yake zaune, ya riƙe ɗan kuɗin tafiya a gefe, ya kuma riƙa karanta saƙonnin gargaɗi na Alert RCB da gwamnatin Poland take turawa wayoyin mazauna yankin da abu ya shafa. Ka gai da mahaifiyarsa, Allah ya ba shi sa'ar karatu.